Dawaki Hamsin a Bayana

Ku da kuke kallon dawaki a waya kuna cewa ai zama ne kawai, doki ke shan wahala, ku matso in gaya muku yadda na ci abinci da wannan sana'a a garin nan. Ba tseren da kuka sani ba ne, na zagaya fili minti biyu a tashi. Wannan na dogon zango ne, mil hamsin cikin daji da duwatsu, daga fitowar rana har la'asar. A hanya akwai wuraren da likitan dabbobi ke jira. Zai saurari zuciyar dokinka da cikinsa, ya sa ka ja shi da sassarfa ya ga ko yana ɗingishi. In bugun zuciyar bai sauko ba an cire ka, ko da kai ne na ɗaya. Mil arba'in da takwas na tafiyar haƙuri ne kawai. Mil biyun farko su ke kai mutum asibiti.

Na zo Greensboro a farkon shekarun dubu biyu, na sauka wurin Alhaji Mamman, ɗan garinmu, a bayan titin High Point Road, wanda yanzu kuke kira Gate City. Wata shida ina ɗaukar kwalaye a wani sito. Alhaji yana tuƙa tasi, kuma ya san a Maraɗi ni ɗan barga ne, na yi shekaru ina kiwon dawakin sukuwa na wani ɗan kasuwa. Wata rana ya ɗauko wata Baturiya da motarta ta lalace, ya ji warin doki a rigarta, sai ya ce mata yana da ƙane wanda ya san doki. Ita ce Madam Beti. Ta haura hamsin a lokacin, gajera, hannunta kamar na manomi. Gonarta tana kudu da gari, da dawakin Larabawa bakwai nata da wasu na mutane da take riƙe musu.

Aikin farko da ta ba ni bokiti ne da soso da abin sauraron zuciya irin na likitoci. Na nuna mata linzamin da na taho da shi daga gida, mai nauyi, wanda ke tsayar da ingarma da ja ɗaya. Ta juya shi a hannu, ta rataye shi a ƙusa, ta ce nan zai zauna. Babu ƙaimi a gonar, babu bulala. Wata uku ban hau doki ba. Na koyi ɗora abin sauraron bayan gwiwar hagu in ƙirga bugu na daƙiƙa goma sha biyar in ninka huɗu. Na koyi jiƙa wuya da ƙirji da ruwa in share, in sake jiƙawa, har zafi ya fita. Na koyi ɗura ruwan gishiri a bakin doki da babban sirinji, da tsunkule fatar kafaɗa in ga ko za ta koma da sauri, da duba launin fitsari kowace safiya. Sirdinsu ba nauyi, likkafarsu faffaɗa ce don kada ƙafa ta mutu. Ranar tsere ana rubuta lamba a kuturin doki da alli mai maiƙo, kuma dokin da ke harbi ana ɗaura masa jan ƙyalle a wutsiya, gargaɗi ga na baya.

Masu dawakin da muke riƙewa yawanci mata ne da suka manyanta, nas-nas, malaman makaranta, da wani likitan haƙori guda. Ni nake fitar da dawakinsu ƙilisa cikin mako, su kuma su zo Asabar su hau. Wanda ya daɗe a harkar ba ya tambayar wa ya zo na ɗaya, tambayarsa ita ce ko dokin ya ci ya sha. Sabon shiga ne ke son gaba, kuma da shi ake shan fama ranar tashi.

Tashi iri biyu ne. Akwai tashi a sake: a tara dawaki a bakin fili, mai agogo ya ce hanya a buɗe take, kowa ya kama gabansa. Akwai kuma tashi da jagora: mutum ɗaya a kan doki mai sanyin hali ya shige gaba, kowa ya bi shi da sassarfa, ba mai wuce shi sai an kai inda aka ajiye, mil ɗaya ko biyu, sannan ya kauce ya sake su. Abin da ya sa ake wannan shi ne doki dabbar garke ce. In ya ga 'yan uwansa hamsin suna gudu, ba ya tunanin tsere ake yi, ɗauka yake wani abu ya biyo su, kuma na baya za a cinye. A lokacin nan bakinsa ya zama itace, ka ja linzami da hannu biyu ba ya ji.

Tserena na farko a sake aka tashi, a wani wuri mai rairayi da itatuwan fir, gabas da nan. Madam Beti ta ba ni wata farar goɗiya mai shekara shida, ina kiranta Kili. Ta ce in tsaya da ita bayan tirelar ɗaukar dawaki, inda ba za ta ga tashin ba, sai bayan minti goma in fita ni kaɗai. Na ce to. Amma a Maraɗi wanda ya tashi a baya dariya ake masa, ni kuma ina ganin na fi duk matan nan sanin doki. Da ta juya ta tafi cika bokitai, na kutsa na shiga sahun gaba.

Filin faffaɗa ne, amma a ƙarshensa akwai ƙofar shinge da ba ta ɗaukar fiye da dawaki biyu. Mun kusa sittin. Mai agogo ya yi magana a hankali, ko ɗaga murya bai yi ba, sai kawai ƙasa ta fara rawa. Kili ta ɗauke kai. Na ja, na zauna baya, na karanta abin da ya zo bakina, ba ta san ina kanta ba. Gwiwata ta dama tana gugar wani doki, ta hagu tana gugar wani, ƙura ta rufe gaba. A bakin ƙofar wani mutum mai shuɗiyar riga ya faɗo daga dokinsa, daidai gabana. Na ga fuskarsa. Kili ta yi tsalle, na ji ƙwas a ƙarƙashinmu, ban san ko hular kwanonsa ce ko saiwar itace ba. Ban iya juyawa ba. Sai da muka yi mil huɗu kafin in samu ta koma sassarfa.

Wajen mil na tara ta fara gajarta taku, sannan ta tsaya cik. Kuturinta ya yi tauri kamar dutse, gumi na zuba, tana rawar jiki. Da ta yi fitsari sai na ga ya fito baƙi kamar kofi. Wannan ciwo ne da ke kama dokin da ya yi gudu da yawa jikinsa bai ɗumama ba, naman jikinsa ya ɗaure, kuma in aka tilasta masa tafiya ƙodarsa na iya lalacewa. Na tsaya da ita a gefen hanya har aka kawo tirela. Likita ya rataye jakunkunan ruwa a reshen itace ya sa mata allura a wuya. Madam Beti ba ta yi mini faɗa ba. Ta miƙo mini ragama ta ce in riƙe kan goɗiyar, kada allurar ta fita. Awa huɗu ina riƙe. Mai shuɗiyar rigar ya karya ƙashin kafaɗa da haƙarƙari, an ce dawaki uku suka bi ta kansa, kuma ba wanda ya iya cewa waɗanne ne. Har yau ban sani ba ko Kili tana ciki.

Da yamma, muna ɗaure kaya, Madam Beti ta ce, "Isufu, na ce maka minti goma. Yanzu za ta yi wata huɗu tana jinya."

Daga nan na zama mutumin bayan tirela. Duk wanda ya kawo mana sabon doki, ni nake riƙe shi a can har ƙura ta lafa, ko yana zagina. Kili ta warke, ta yi tsere da yawa a ƙarƙashin Madam Beti.

Aikin jagora ya zo mini ta hannun wani tsoho, Mista Rey, wanda ke shirya tsere kowace kaka a tsaunukan da ke kudu maso yamma da nan. Mil biyun farko na hanyarsa siririya ce, an sassaƙe ta a jikin tudu, doki ɗaya take ɗauka. A dama tudu, a hagu gangare har rafi mai duwatsu. Wurin ba ya yiwuwa a sake, dole da jagora. Madam Beti tana da wani dandaƙaƙƙen doki ja da ya daina tsere, ina kiransa Dattijo, wanda ko bindiga aka harba kunne kawai yake kaɗawa. Mista Rey ya nemi aronsa tare da mahayinsa.

Jan gaba ba hutu ba ne. In ka yi sanyi, dawakin baya su tafasa, su fara tutsu da harbin juna. In ka yi sauri, ka zama kai ne ka fara tseren. Ba a waiwaye, da kunne ake aiki. Kana jin numfashin dokin da ke binka a bayan gwiwarka, kana jin ƙarfen kofato a kan dutse har can nesa, kana jin masu cewa ka ƙara sauri, ka yi kamar ba ka jin Turanci. In an fito kan titin tsakuwa sai ka kauce, ka ɗaga hannu, su wuce ka kamar ruwa ya ɓalle. Wasu tsofaffin mahaya ba sa son wannan tsari. Suna cewa in an saki dawaki suna rarrabuwa da kansu, amma jagora yana cusa su hanci da wutsiya, abu kaɗan ya faru ba wurin kaucewa. Ni a lokacin ina ganin ba su taɓa ganin fuskar mutum a ƙarƙashin kofato ba. Kaka uku na ja gaba lafiya.

Shekarar da aka yi fari, ruwa ya ƙi sauka, ita ce ta huɗu. Waɗanda suke nan a lokacin za su tuna, har wankin mota aka hana a gari. Ciyawar gona ta ƙone tun tsakiyar bazara, ingirici sai an ɗauko shi da kamiyo, babbar motar kaya, daga jihohin arewa, tafkin da dawaki ke sha ya zama laka. Ƙasa ta yi tauri, kofato na tsagewa, maƙerin takalmin doki yana zuwa mana sau biyu a wata. Mutum uku cikin masu dawakinmu suka sayar suka bar harkar. Mista Rey ya so ya fasa tseren, sannan ya sa aka kai tankunan ruwa cikin daji ya ce a yi. Azumi ya faɗo a lokacin, amma na ce mil biyu ne kawai nawa, zan iya.

Akwai wata rina a ƙasar nan, ƙarama, rawaya da baƙi, wadda ke gida a cikin rami a ƙasa. Ƙarshen zafi take yawa, kuma shekarar nan ta yi yawa fiye da yadda na taɓa gani. Mahaya suna cewa doki na farko ya tashe ta, na biyu ya fusata ta, na uku ya biya. Mutanen Mista Rey sun bi hanyar a ƙafa mako guda kafin ranar suna ɗaura ƙyallayen alama, ba su ga komai ba.

Mun tashi gari ya waye sarai, dawaki hamsin da ɗaya a bayana. Madam Beti tana kan Kili, ta tara a layi. Mun ci kamar mil ɗaya da rabi, a daidai inda hanyar ta fi ƙunci, sai Dattijo ya zabura ya kaɗa wutsiya. Abu ya soke ni a wuya kamar an ɗora garwashi. Na duba ƙasa, na ga suna fitowa daga gindin wata saiwa kamar hayaƙi.

Abu biyu ne a gabana, kuma ba lokacin auna su. In na tsaya, dawaki hamsin su taru a kan ramin, ba mai iya juyawa. In na gudu, ni da aka sa in hana gudu na buɗe sukuwa a kan hanyar da faɗinta bai wuce tabarma ba. Na ɗaga murya na faɗi sunan ƙwarin da Turanci, na ce a gudu, na saki Dattijo. Tsohon dokin ya yi gudun da bai yi ba shekara biyar. Ina jin duwatsu suna ɓallewa daga gefen hagu suna gangarawa, ina jin ihun mata da haniniya a baya, rassa suna dukan fuskata. Ban duba gangaren ba ko sau ɗaya.

Da muka fito titin tsakuwa na kauce na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, har bakwai, har takwas, duk suna kakkaɓe jiki, dawakin suna tsalle. Na jira ta tara. Hanya ta yi shiru. Na ci gaba da kallon bakin dajin, babu kowa.

Abin da ya faru, wata nas da ke bayan Madam Beti ce ta ba ni labari daga baya. Da Madam Beti ta ga rinar ta riga ta cika hanya, ta san na tsakiya ba za su wuce lafiya ba. Maimakon ta bi mu, sai ta juya Kili a gicciye ta tare hanyar, ta ɗaga hannu tana cewa a tsaya, a koma baya. Rinar ta rufe su, ita da goɗiyar. Ta riƙe wurin kamar minti ɗaya, har maganar ta bi layi ta kai ƙarshe, na baya suka fara sauka suna ja da dawakinsu. Sannan Kili ta miƙe a kan ƙafafun baya, gefen hanya ya zame, suka tafi ƙasa tare.

Ni ban san wannan ba tukuna. Na miƙa ragamar Dattijo ga wani, na gangara cikin rafin, wanda fari ya busar, na bi shi a ƙafa na koma baya. Kili na fara gani, tsaye cikin duwatsu, sirdi ya juye ƙarƙashin cikinta, fatar kafaɗarta a saɓule, tana karkarwa. Madam Beti tana kwance gaba kaɗan. Hular kwanonta ta tsage, fuskarta ta kumbura har idanun sun rufe, ƙafarta ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Numfashinta yana fita da ƙara kamar ana busa cikin kara. Na durƙusa, na kasa taɓa ta, don an koya mana ba a motsa wanda ya faɗo. Na kira sunanta sau uku kafin ta amsa.

Ta ce, "Kili tana tsaye?"

Na ce tana tsaye.

"Da ƙafa huɗu?"

Na ce da huɗu. Sai ta ce in je in kwance wa Kili majayi, ɗaurin sirdi, kada sirdin ya firgita ta. Na je na kwance. Nas ɗin ta gangaro da gindi, tana da allurar masu kumburin harbi a jakarta, ta soka mata a cinya. A hankali ƙarar numfashin ta ragu. Waya ba ta kamawa a wurin, sai da wani ya hau doki ya koma sansanin da muka tashi aka kira taimako. 'Yan kwana-kwana suka zo da katako suka ɗaure ta a kai, muka ɗauke ta mu shida ta cikin rafin, awa biyu, muna zamewa a kan duwatsu. Duk zamewa ɗaya sai ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ban tuna ina azumi ba sai da na ga gorar ruwa a hannuna, na sha rabi.

Ƙugunta ya karye, da haƙarƙari uku. Ta tashi, amma da sanda, kuma ba ta sake hawan dogon zango ba. Kili ta warke da tabo. Mahaya suka yi ta gardama har hunturu. Wasu suka ce jagora ne ya cusa dawakin wuri ɗaya. Wasu suka ce da a sake aka tashi, da dawaki ashirin ne za su iso ramin a guje, da gawa aka kwasa. Wasu kuma suka ce ni na yi kuskure, da na tsaya na tare hanya kamar yadda ta yi. Na je duba ta a asibiti da tuwon da mai ɗakina ta yi mata, na tambaye ta wannan kai tsaye.

Ta ce, "Da ka tsaya, wataƙila kai ne a rafin. Wataƙila mu goma ne. Ban sani ba, Isufu, kuma kai ma ba za ka sani ba."

Da kaka ta zagayo Mista Rey ya sake kirana. Na amsa, don in na ƙi zai sa wani wanda bai san hanyar ba. Ana gobe tsere na bi mil biyun nan a ƙafa sau uku da doguwar sanda, ina zungurar kowane rami da kowace saiwa. Ba komai. Da safe muka tashi, dawaki arba'in da bakwai a bayana. Muna isa wurin saiwar nan Dattijo ya tsaya. Ya kafa ƙafafu, kunnuwa a gaba, yana huci, jikinsa yana rawa a ƙarƙashina. Dokin da ke bina ya buga ƙirji a kuturinsa, na ji na bayansa ma ya buga, ƙarar tana tafiya baya. Tsakuwa ta fara zubewa a hagu. Na san in na dunguri cikinsa zai iya juyawa, kuma babu wurin juyawa.

Na zare ƙafa daga likkafa a hankali na sauka ta ɓangaren tudu. Na wuce gabansa, na kama ragama kusa da haɓa, na taka saiwar da ƙafata na tsaya a kai don ya gani. Na yi masa magana da Hausa, ban tuna me na ce ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ajiye, ya ɗaga ta biyu. Haka na ja shi a ƙafa sauran rabin mil ɗin, dawaki arba'in da bakwai suna tafiya a bayanmu, kuma ranar ba wanda ya ce in ƙara sauri. A titin tsakuwa na kauce na ɗaga hannu. Na ƙirga su har na ƙarshe, sannan na zauna a ƙasa.

Mista Rey ya iso da motarsa, ya fito ya tsaya kusa da ni, ya tambaya ko zai sa sunana a jan gaban baɗi. Na ce masa dokin ya tsufa. Ya dube ni, ya dubi Dattijo yana fizgar ciyawa a bakin titi, ya ce haka ne, dokin ya tsufa.